Horar da kare da keji, akwai wanda ya gwada?

Sabon Shiga: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba ni kwikwiyon German Shepherd, watansa 3, gadin gida nake so ya yi. An ce akwai masu horo da ke karɓar kare su riƙa kulle shi a keji har ya san doka. Wa za ku ba ni shawara in kai wa? A Kano nake.

Likitan Zaure: Wa alaikumus salam. Malam, an yi masa allura tukuna? Ta haukan kare yanzu ne lokacinta, daga wata 3, sai a riƙa sabuntawa duk shekara. Kuma kada ya shiga cikin karnukan mutane sai ya kammala ta parvo, cutar nan mai sa kwikwiyo amai da gudawa.

Sabon Shiga: An fara ta parvo, likita. Saura ɗayar.

Alhajin Kaduna: Ɗan uwa, ka saurare ni da kyau. Na taɓa kai Boerboel ɗina, irin manyan karnukan gadin nan, wurin wani mai horo, na biya kuɗi masu kauri, ya ce in dawo bayan 'yan makonni. Ranar ɗauka ya yi min wasan kwaikwayo: zauna, kwanta, zo nan, kare yana bi tsaf. Muna isowa gida na ga ba karen da na kai ba ne. Ya rame, gwiwoyinsa sun yi kanta, idan aka ɗaga hannu sai ya maƙure a lungu. Daga baya wani yaro da ya yi aiki a can ya faɗa min yadda suke yi. Kejuna ne jere a ƙarƙashin kwano, kare ya wuni ya kwana ciki, ba a fito da shi sai lokacin atisaye, mai haushi a buga masa kejin da sanda. Abin da ya fi ɓata min rai, ya dawo yana fitsari da kashi a inda yake kwanciya, alhali kafin ya tafi ba ya yi. Wata rana mai gadina ya miƙa hannu zai ciro kwanon abinci ya kai masa cizo, sai da muka kwana a asibiti. Duk mai horon da ya hana ka ganin inda karnuka ke kwana, juya da abinka.

Ɗan Jos: Subhanallah. Allah ya kiyaye gaba, Alhaji.

Maharbi: Mu da ke fita farauta da karnuka goma, wa ya taɓa ganin keji? Kanzo da fito, shi ke nan, kuma ba ya cizon na gida.

Ɗan Jos: Kawu, naka yana wuni a daji yana gudu, nasu yana cikin katanga mai waya. Ba ɗaya ba ne.

Likitan Zaure: Abin da aka yi wa karen Alhaji ɗauri ne, ba horo ba. Dabarar kejin ta dogara ne a kan cewa kare ba ya son ɓata makwancinsa. To idan ka kulle shi har ya kasa riƙewa, ka kashe wannan ɗabi'ar da hannunka. Kwikwiyon wata 3 ba ya wuce kamar awa 3 bai zaga ba. Ka fara da ƙofa a buɗe, a ciki zai ci abinci, sai ka riƙa rufewa na 'yan mintuna kana ƙarawa. Da ya fito ka kai shi inda kake so ya riƙa bahaya. Girman kejin, ya iya tsayawa, ya juya, ya miƙe. Kuma kada ka jefa shi ciki don ya yi laifi.

Hajiyar Abuja: Likita, ni mai horon gida yake zuwa, muna tsaye muna kallo, yara ma sun koyi kalmomin. Ya fi min kwanciyar hankali.

Ustazu: Ina fata dai ba cikin ɗaki za a ajiye kejin ba. Hadisin ajiye kare farauta da kiwo da gona ya ambata.

Hajiyar Abuja: Malam, a tsakar gida yake, kuma gadi yake yi. Ko malamai ba su yi ƙiyasi a kai ba?

Mai Zaure: Don Allah a bar fatawa ga masu ita.

Ɗan Jos: Ni abin da ke ba ni tausayi masu Caucasian, karen nan mai yawan gashi, a Kano. Wannan gashin a watan Afrilu, sai ka ce an sa wa mutum bargo a bakin murhu.

Maharbi: A haɗa masa da AC da janareta mana, tunda ɗan gata ne.

Likitan Zaure: Ba wasa ba ne fa. Da haki kare ke rage zafin jikinsa, kejin ƙarfe a rana zai iya kashe shi. A sa a inuwa, iska na ratsawa, ruwa kullum a ciki.

Sabon Shiga: Na gode. To amma har yanzu ba wanda ya ba ni sunan mai horo.

Alhajin Kaduna: Wai likita, me ake yi wa kaska ne? Tun faɗuwar damina sun cika wa nawa kunne.