Labarin "yinin da ya ɓata" ya hana ƙanena zuwa sujada. Shin mai bangaskiya saurin ruɗuwa gare shi?

Malamin Lissafi, Sabon Tasha

Salama a gare ku duka. Sati biyu ke nan wata magana tana cina a rai, na rasa wanda zan faɗa wa, shi ya sa na kawo ta nan.

Ina koyar da lissafi a wata sakandare, ranar Lahadi kuma ina tare da ajin matasa a majami'armu. A watan jiya aka gayyato mana baƙon mai wa'azi don taron farkawa na kwana uku. Daren ƙarshe wuri ya cika maƙil, har aka jera bencuna a waje ƙarƙashin rumfa. Sai ya kawo labarin nan da wataƙila kun taɓa ji. Wai masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suna lissafin tafiyar rana da wata da kwamfuta, suna komawa baya shekaru dubbai, sai kwamfutar ta tsaya cik, ta nuna akwai yini guda da ya ɓata. Wai sai wani mai bi a cikinsu ya buɗe Joshuwa sura 10 inda rana ta tsaya, aka sami awa 23 da minti 20, aka kuma cike sauran minti 40 daga 2 Sarakuna sura 20, inda inuwa ta koma baya taki goma a zamanin Hezekiya. Jama'a suka miƙe ana tafi, mata suna guɗa. Ni ina benci na uku, hannuna a kan gwiwa, na kasa tafawa.

Ba sai ka je Amurka ba kafin ka gane abin ba ya yiwuwa. A ce direba ya taso daga Kafanchan ya iso Kaduna. Ka san inda yake yanzu, ka san gudun motarsa, za ka iya lissafa lokacin da ya kamata a ce ya taso. Amma lissafin nan ba zai taɓa gaya maka ya tsaya awa guda a Kachia ba, sai in akwai wanda ya rubuta ainihin lokacin tashinsa ka gwada da naka. Kwamfutar ma haka take: inda taurari suke yau take ɗauka ta ƙirga baya, ba ta da wani agogo na zamanin Joshuwa da za ta gwada da shi. NASA ɗin ma sun daɗe da cewa ba a yi haka ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙanena. Yana aji biyu a jami'a, yaro mai himma, shi ke kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ya ɗauki wa'azin a waya ya tura zauren WhatsApp na ajinsu da murna. Ba a yi minti goma ba aka yi masa caa. Wani ya rubuta masa cewa masu addini duk abin da aka dama musu sai su shanye. Da ya zo gida ya same ni ina duba takardun jarrabawa, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, in wannan ƙarya ce, wanne kuma ƙarya ne cikin abin da kuka koya mini?" Lahadi biyu bai taka majami'a ba.

To ina tambaya. Gaskiya ne bangaskiya da saurin ruɗuwa tare suke tafiya? Kuma ni da na san labarin ba gaskiya ba ne na yi shiru, me ya kamata in yi yanzu?

Maman Biyu, Barnawa

Ɗana, sannu da wannan nauyi. Na yi shekara talatin da ɗoriya ina aikin jinya kafin in yi ritaya, kuma tun ina yarinya a ajin baftisma aka gaya mana wai namiji haƙarƙarinsa ya gaza na mace da ɗaya saboda Adamu. Na riƙe wannan har ranar da na shiga makarantar jinya aka sa mu ƙirga a jikin ƙwarangwal. Goma sha biyu dama, goma sha biyu hagu, namiji da mace duk ɗaya. Na koma ɗaki na buɗe Farawa sura 2 na karanta da kyau, ban ga inda aka ce 'ya'yan Adamu maza za su gāji rashin ƙashi ba. Mutum in ya rasa yatsa ai ɗansa da yatsu biyar ake haifarsa. Mu ne muka ƙara wa Littafi abin da bai faɗa ba.

Batun ruɗuwa kuwa, ka tuna watan Agusta na 2014 lokacin Ebola? Da tsakar dare waya ta yi ta ƙara, a tashi a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. A layinmu Kirista da Musulmi da wani lakcara da ba ya zuwa ko'ina duk sun dafa ruwa. Da safe muka karɓi masu hawan jini a asibiti, a wasu wurare ma an ruwaito an rasa rayuka. Tsoro ne ya ja mutane, da kuma cewa saƙon daga wanda ka yarda da shi ya zo. Ka je ka zauna da yaron nan, kada ka yi masa faɗa a kan rashin zuwa sujada.

Ɗan Tudun Wada

Malam, ni Musulmi ne, amma ka ba ni dama in sa baki, don ciwon iri ɗaya ne. Mu ma muna da namu. Tun muna yara ake ce mana Neil Armstrong ya ji kiran salla a duniyar wata a 1969, daga baya ya ji irinsa a Alƙahira ya musulunta. Maganar ta yaɗu har sai da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta aika wa ofisoshin jakadancinta sanarwa a 1983 cewa ba haka ba ne. Har yau ana turo mini shi a waya duk azumi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, addinin da malamansa suka yi tafiyar watanni don tantance wa ya ji hadisi daga wa, suka ware ingantacce da mai rauni da ƙirƙirarre, yau mabiyansa ne ke tura labari ba isnadi. Aya ta 6 a Suratul Hujurati umarni ce a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Saboda haka ni ban yarda imani ne ke kawo wannan ba. Son a ce Bature ya tabbatar da namu ne, kamar gaskiya ba ta tsayawa sai an buga mata hatimin Amurka.

Mai Tambaya, Kakuri

Bari in faɗi abin da ba za ku so ji ba. Na tashi a gidan dattijon ikkilisiya, yau shekara shida ba na zuwa, kuma irin wannan ne ya fara fitar da ni. Nawa labarin na ramin Rasha ne: wai an haƙa rijiya a Saberiya har aka zura makirfo aka ji kukan mutanen Jahannama. An kunna mana kaset ɗin a taron matasa, wata yarinya ta suma. Da na girma na bincika, ramin gaske yana nan, amma a yankin Kola yake kusa da iyakar Norwe, zurfinsa mita 12,262, faɗinsa kuwa bai wuce na faranti ba. Dutse mai zafi suka tarar, ba kowa.

Ban ce mai bi wawa ne ba. Mahaifina ya fi ni kaifin ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba, ba wanda ya isa ya cuce shi ko na sisin kwabo a Kasuwar Barci. Amma mutumin nan da ke juya buhun masara sau uku kafin ya biya, in magana ta fito daga bagade ba ya juya ta ko sau ɗaya. An koya masa tambaya a wurin nan rashin ladabi ne. Ka ɗaga hannu a ce maka "kada ku taɓa shafaffuna". Maman Biyu ta yi gaskiya kowa na ruɗuwa, sai dai ba ko'ina ne ake yaba wa mutum don ya ƙi bincike ba. Kai kanka Malam, da digirinka na lissafi, me ya riƙe bakinka a daren nan? Ka amsa wa kanka wannan kafin ka je wurin ƙanenka, don shi ma zai tambaye ka.

Malamin Lissafi, Sabon Tasha

Na gode muku. Mama, na ji, ba zan yi masa faɗa ba. Ɗan'uwa na Tudun Wada, maganar hatimin nan ta zauna mini sosai.

Mai Tambaya, ka taɓa ni inda ke ciwo, kuma ba zan kauce ba. Tsoro ne ya riƙe ni. Baƙo ne, ya girme ni, faston mu na zaune kusa da shi, na kuma ji tsoron a ce ɗan boko ya zo ɓata taro. Inda na saba da kai shi ne, hana tambayar nan ba daga Littafin ta fito ba. Karin Magana 14:15 ta kira mai gaskata kowace magana marar wayo. An yabi mutanen Biriya a Ayyukan Manzanni 17 don sun riƙa bincika ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, Bulus fa, ba baƙon mai wa'azi ba. Toma ya ce sai ya gani, Yesu kuma ya miƙa masa hannu ya duba.

Jiya na tuna da Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430. Ya yi gargaɗi cewa wanda ba Kirista ba sau da yawa ya san sha'anin ƙasa da taurari ta hankali da gogewa, to in ya ji Kirista na shirme a kan waɗannan yana cewa daga Littafi ne, yaya zai yarda da shi a kan tashin matattu? Abin da ya sami ƙanena ke nan daidai. Akwai kuma Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam, wanda a 1927 ya nuna ta lissafi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar binciken a matsayin shaidar halitta, shi Lemaître bai ji daɗi ba, bai so a jingina bangaskiya a kan sakamakon da gobe zai iya sauyawa. Mutumin yana da hujjar kimiyya ta gaske a hannu ya ƙi yin wa'azi da ita, mu kuma muna tafa wa wadda aka ƙaga.

Ni ban zama mai bi saboda NASA ba, ƙanena ma haka. Shi ya ga yadda mahaifiyarmu ta yafe wa mutanen da suka ƙona mana gida a rikicin 2000, ta kuma hana mu ƙin maƙwabtanmu. A nan zan fara da shi, bayan na gaya masa ƙarara cewa abokan ajinsa sun yi daidai a kan labarin, ni kuma na yi kuskure da na yi shiru. Na riga na kira fasto, ya ce in same shi ranar Laraba bayan nazarin Littafi. Zan roƙe shi minti goma a ajin matasa, in zana musu hanyar Kafanchan zuwa Kaduna a allo.