Babbar bireka tana faɗuwa kullum bayan azahar, wa ya taɓa haɗuwa da irin wannan?

Mai wayarin, Nasarawo, Gombe

Assalamu alaikum iyayen gida da abokan sana'a. Yau kwana tara ke nan wata bireka ta hana ni sakat. Ina kula da wutar wani injin casar shinkafa a nan Gombe. Taransifomar tasu ce ta kansu, 500kVA, daga 11kV zuwa bolt 415. Babbar birekar da ke bakin fanel ACB ce, wato mai kashe tartsatsin wuta a cikin iska, mai am 800, irin wadda ake jawowa waje kamar durowa. Tun shigowar Maris, da safe lafiya lau, amma daga an idar da azahar sai ka ji gwaf, gida ya yi tsit. In na mayar da ita ta yi minti arba'in ko awa guda, ta sake zubewa. Alhajin wurin ya ce tsufa ta yi, ko dai a sayo sabuwa, ko in haɗe wayoyin kai tsaye kafin kaya su iso daga Kano, don ga shinkafar mutane jibge ana jira. Zuciyata ba ta kwanta da maganar haɗewar ba. Wanda ya taɓa gani ya taimaka min.

Tsohon ma'aikacin wuta, Jekadafari

Wa alaikumus salam ɗana. Kafin komai, kar ka haɗe. Taransifoma mai 500kVA cikakken lodinta bai kai am 700 ba, wajen 695 ne, amma ranar da layi biyu suka sumbaci juna a bakin fanel, abin da za ta turo ya haura am dubu goma. In babu bireka a tsakani, fis ɗin 11kV kaɗai ya rage maka, shi kuwa kafin ya yanke fanel ya zama toka.

Ba labari aka ba ni ba. Muna samari aka kira mu wani gidan matsar man gyaɗa, wani gwani ya riga mu zuwa ya yi musu wannan dabarar da guntayen basba, wato sandunan jan ƙarfe masu ɗaukar wuta a cikin fanel. Sati uku suna murna. Ɓera ne ya shiga cikin dare. Da muka je da safe ƙofar fanel ɗin tana can jikin bango ɗaya gefen, jan ƙarfen ya narke ya zubo kamar an tsiyaya alewa. Mai gadi Allah ya yi da sauran kwanansa, ya fita kama ruwa. Ka ce wa Alhaji wani tsoho ya ce in yana son injin nasa ya kai damina ya yi haƙuri.

Mai gyaran janareta, Pantami

Oga zafi ne kawai. Maris da Afrilu a Gombe ai ko mutum faɗuwa yake, balle ƙarfe. Ka sa mata fanka ka buɗe ƙofar fanel, za ka ba ni labari.

Injiniya, Fadaman Mada, Bauchi

Malam na Pantami, a ƙananan bireka maganarka haka take, domin su akwai wani ɗan ƙarfe a ciki da ke lanƙwashewa in ya ɗau zafi, zafin ɗaki ma yana taimaka masa. ACB ta zamani ba haka take aiki ba. Tana da ƙwaƙwalwa ta lantarki a fuskarta, Schneider suna kiran tasu Micrologic, ABB suna da Ekip a kan Emax 2, ita kuwa wutar da ke ratsa kowane layi take aunawa, ba ruwanta da gumin da kake yi. Zafi yana cutar da bireka ta wata hanya, shi ya sa masu ƙera ta ke da jadawalin rage mata lodi in ɗaki ya yi zafi da yawa, amma wuya ne ya zama shi ke faɗar da ita kullum a lokaci guda. Buɗe ƙofar fanel a gidan casa kuwa gayyatar ƙaiƙayi ne.

Ɗan'uwa mai tambaya, birekar ai tana faɗa maka dalili, ba ka tambaye ta ba ne. In ta sake faɗuwa, kafin ka taɓa komai dubi ƙananan fitilun da ke jikin ƙwaƙwalwar. Ɗaya ta lodi ya yi yawa ce, an rubuta Ir. Ɗaya ta gamuwar layi ce, Isd ko Ii. In irin mai kariyar ƙasa ce akwai Ig. Wacce ta kama?

Na taɓa yin kwana biyu a wani asibiti ina zargin bireka mai am 1600 da ba ta da laifi. An ɗauke wuta, an kawo, ta ƙi shiga. Na ɗana sifirin ɗin da ke shigar da ita da hannu har alama ta nuna ya cika, na danna, sai ka ji ƙas, babu komai. Ga janareta yana shan gas, ga shugabanni a kaina. Ashe ƙaramin koyil ɗin nan ne da ke hana ta rufuwa, wato shiga, in babu wuta ko wuta ta yi ƙasa. A ƙa'ida sai wuta ta kai kashi 85 cikin ɗari yake ba da tabbacin a rufe, wato wajen bolt 195 in na 230 ne, kuma yana sakin bireka in ta sauko tsakanin kashi 70 da 35. Namu fis ɗinsa ne ya yanke, fis ɗin da bai kai kuɗin abincin rana ba. Har yau in na tuna kunya nake ji, don na riga na rubuta takardar neman sabuwar bireka.

Yaron shago, Wunti

Anti Injiniya, Allah ya ƙara basira. Nawa abin dariya ne. Maigidana ya tura ni wani otal na mayar da bireka, na yi ta danna koren maɓalli har yatsa ya yi ja. Na kira shi na ce Oga ta mutu. Ya ce akwai wani ɗan jan maɓalli da ya turo kai waje a sama? Na ce akwai. Ya ce tura shi ciki. Shi ke nan fa. In ta faɗi saboda matsala wannan ɗan jan yana fitowa, kuma ba za ta koma ba sai an mayar da shi. Da na dawo shago ya ce min ba don wasa aka sa shi ba, an sa shi ne don mutum ya tsaya ya nemi abin da ya faɗar da ita. Ni kuwa ban nema ba, ranar na sha faɗa.

Mai haɗa fanel, Yelwa, Bauchi

Ni abin da zan ƙara, ka duba bayan birekar, inda basba ko kebul ya haɗu da ita. Yawancin ACB da aka kawo min a ƙone, daga noti abin ya faro. An ɗaure da sifana da ƙarfin tuwo, wani ya yi yawa wani bai kai ba, alhali littafinta ya faɗi iya ƙarfin da za a ɗaure, da sifana mai awo ake yi. Wuri ya yi sako-sako, ya ɗau zafi da rana, ya huce da dare, kullum yana ƙara saki. Jan ƙarfe ya koma ruwan ƙasa, daga nan ya yi shuɗi-shuɗi, robar jiki ta fara wari kamar ana babbakar kifi. Wannan ba lallai ya faɗar da bireka ba, shi ne ma haɗarinsa, shiru yake cinta. In kana da mai kyamarar zafi ka aro, a duba ana cikin aiki da lodi. In babu, a kashe wuta, ido da hanci ma suna aiki.

Wani abu kuma da ke ba ni haushi, kebul masu kauri a bar nauyinsu a rataye a wuyan bireka babu abin tallafi. Wata shida sai ka ga bakin ya karkace.

Mai kula da wuta, Bajoga

Tunda maganar durowa aka yi bari in ba da nawa, don na kusa rasa fuska a kanta. Durowar nan matsayi uku gare ta: a haɗe, wurin gwaji, da a ware. A wurin gwaji manyan haƙoranta sun rabu da basba amma ƙananan wayoyin sarrafawa suna nan, za ka iya rufewa da buɗewa ba tare da wuta ta tafi ko'ina ba. Na fito da wata na share, zan mayar, ina juya hannun sai na ji ya yi tauri a rabin hanya. Raina ya ce ƙara ƙarfi. Allah ya sa na tsaya na janyo ta na haska tocila. Zanzaro ne ya yi gini a jikin murfin da ke rufe bakin basba, murfin ya maƙale rabi a buɗe, ga bushasshiyar tsaka a kwance dab da layi biyu. Da na danna da ƙarfi da yanzu wani ke ba ku labarina.

Tun ranar, bireka in ta yi gardama wajen shiga ba na jayayya da ita. Kuma ku tuna ko ka fito da durowa, bakin da ke zuwa daga taransifoma yana da rai. In aikin ya kai can ciki, a kira ma'aikatan JED, kamfanin rarraba wuta, su yanke wutar ta sama, a gwada, a sa ating, wato a haɗa layin da ƙasa, a rataye kwaɗo, makullin yana aljihunka ba aljihun mai gadi ba.

Tsohon ma'aikacin wuta, Jekadafari

Na Bajoga ya tuna min. Sifirin ɗin ma ku ji tsoronsa. Bireka tana iya zama a buɗe, a ware, amma sifirinta a ɗane, yana jiran yatsan wani. Bayan an fito da ita a rufe a sake buɗewa, har alama ta nuna ya saki, sannan a sa hannu.

Shara kuma, yaran yanzu da bulowa suke zuwa su hure. Ƙurar hunturu da ta kwanta a waje sai ka tura ta cikin makanikan, ta gamu da giris ta zama taɓo. Injin zuƙa ake so da busasshen ƙyalle. A ciro akwatunan kashe tartsatsi na saman kowane layi, waɗanda ke da faranti-faranti na ƙarfe a jere, su ne ke datsa harshen wuta su kashe shi a cikin iska, daga nan ma sunan birekar ya samo asali. A duba ko sun tsage ko sun cika da baƙi. Haƙoran kuma kar wanda ya goge su da samfefa, ruwan azurfa ne a kansu, ka kankare ka gama da su. Birekar da ta shekara ba a motsa ta ba ita ma ciwo ce, giris ya daskare, ranar da ake buƙatar ta buɗe ta yi nauyin jiki. Ko sau ɗaya a shekara a samu ranar Juma'a da aka tashi aiki a motsa ta.

Mai gyaran janareta, Pantami

To na karɓi gyara, Hajiya. Amma fankar dai ba ta ɓaci ba. Nawa da na gani a wani gidan ƙanƙara shi ne bireka biyu, ta layi da ta janareta, da wayar ƙarfe a tsakaninsu mai hana su shiga tare. Wani ya ga ta janareta ta ƙi shiga ya kwance wayar ya ajiye. Ta ƙi shiga ne don ta layi ba ta gama fita ba. Sauran labarin kuɗin naɗin janareta ne, kuma ni aka ba aikin, don haka ba zan yi ƙorafi da yawa ba.

Mai wayarin, Nasarawo, Gombe

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya na zauna a gabanta tun sha biyu kamar mai jinya. Ƙarfe biyu da kwata ta faɗi, fitilar Ir ce ta kama, kamar yadda Anti Injiniya ta ce in duba. Na buɗe ɗan murfin roba na ga an saita Ir a kan 0.6, wato am 480 ke nan daga cikin 800. Da na tambaya ashe tun lokacin da injin ke da layin casa ɗaya aka saita ta haka. A watan Fabrairu aka ƙaro injin goge shinkafa da na tsince tsakuwa, kuma sai bayan azahar ake kunna su, in shanyar safe ta bushe. Na sa mita, jan layi yana kai 590, sauran biyun suna wajen 520 da 530, don duk fitilu da ofis da famfon rijiya a jan layin aka jibga su. Babu wanda ya gaya wa bireka an yi ƙari a gidan.

Na duba kebul, biyu-biyu ne masu kaurin 240mm² a kowane layi. Na mayar da ita 0.8, am 640, har yanzu tana ƙasa da 695 na taransifoma. Na kwashe ofis da famfo na raba wa sauran layukan. Yau har magariba ba ta motsa ba.

Sai dai Oga na Yelwa, maganarka ta fito. Da muka kashe na leƙa baya, bakin jan layi na ƙasa ya canza kala, noti ɗaya da yatsa na juya shi. Na ɗaure na wucin gadi, amma wurin ya riga ya yi dabbare-dabbare, ban sani ba ko gogewa za ta wadatar ko sai an canza guntun basbar.

Mai haɗa fanel, Yelwa, Bauchi

Turo min hotonsa da rana, ka haska gefen da ya haɗu da bakin birekar, ba bayan ba. In ya yi rami-rami canza shi za a yi, har da noti da washa, kar ka mayar da tsofaffin. Ka auno min faɗi da kauri da tazarar ramukan, in yanka maka in ba direban Gombe ranar Asabar.

Mai wayarin, Nasarawo, Gombe

To Oga, gobe in Allah ya kai mu da safe kafin su kunna. Alhaji kuma ya ce a tambaya masa, tunda birekar ba ta lalace ba, ko zai iya ƙaro injin busarwa a kan wannan taransifomar.

Injiniya, Fadaman Mada, Bauchi

Ka kawo mana abin da aka rubuta a jikin motar injin tukuna.