Wai me za mu ce wa “misfire” da Hausa?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe 8 na safe zan shiga shirin direbobi a nan Sakkwato, kuma kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya: “misfire”. Wato silinda ɗaya ta ƙi ƙona mai a lokacinta, inji ya kama karkarwa, mota ta daina ja. A taimaka.

Bakanike: Misin. Haka munka iske ana cewa a gareji.

Malamin Hausa: Oga, misin ba Hausa ba ce, Turanci ne aka karya wa ƙafa. Ni na daɗe da ƙirƙiro “fashin wuta”. Kamar yaro ya yi fashin makaranta: sauran silinda sun halarta, ɗaya ta ƙi zuwa.

Direban Illela: Malam, ranka shi daɗe, a wannan zamani ka haɗa fashi da mota a rediyo? Wallahi fasinja sai su sauka.

Bakanike: Ko ba wannan ba, kalmar wuta za ta ɓad da mutane. Ba kullum fulogi ko kwayil mai ba shi wuta ba ne. Nozul kan toshe ya hana mai, ƙurar hunturu kan cika filtar iska, ringi ko bawul kan ci har matsi ya zube. Makon jiya anka kawo min mota ta silinda 4, mai ita ya canza fulogi sau biyu, tana nan tana rawa a silo. Na sa kwamfuta ta ba ni lamba P0303, misin a silinda ta 3 ke nan. Na mai da kwayil ɗinta kan ta 1, lambar ba ta bi shi ba, wato ba laifin kwayil ba ne. Ashe nozul ne. In kunka ce fashin wuta, kowa fulogi zai ruga saye.

Malamin Hausa: To sai mu zauna kanikawa su riƙa yi mana ƙamus? Haka harshe ke mutuwa muna kallo.

Bakanike: Malam, mota da inji da kake faɗa kullum, daga Gobir sunka zo?

Wata ɗaliba: Baba Malam, a yi haƙuri. Ni “ɗingishi” nake jin mahaifina yana cewa. Ƙafa huɗu, ɗaya ba ta taka ƙasa. Bai ɗora laifin a kan wuta ko mai ba.

Wani daga Kano: Mu dai “tana shaƙewa” muke cewa, kuma daidaitacciyar Hausa a wajenmu take.

Direban Illela: Shaƙewa daban, wagga ita ce ka taka totur ta noƙe. Ku riƙe daidaitacciyarku, mu ba mu aro ba.

Malamin Hausa: Ɗingishi ba laifi, amma siffantawa ce, ba suna ba. Fashin wuta dai ta fi ta nauyi.

Mai shirin rediyo: Dare ya yi. Zan ce “misin, wato ɗingishin inji” a farko, daga nan in ci gaba da ɗingishi. Oga, akwai abin da zan ƙara?

Bakanike: Ka gaya musu in fitilar inji tana ƙiftawa, a faka. Ɗanyen mai ne ke gangarawa salansa, shina ƙona katalis, abin da ke tace hayaƙi, kuma tsada gare shi.

Malamin Hausa: Katalis kuma? To wannan ma me za mu ce mata?