Wai Reg Saunders jarumi ne ko gwanin ɓuya?

Ɗan Gwale: Salamu alaikum. Na lura a zauren nan in ba ƙwallo ko siyasa ka kawo ba, ko kallo ba ka ishi kowa ba. To yau sai kun karanta. Akwai wani sojan ƙasa na Ostireliya, Reg Saunders, baƙar fata daga 'yan asalin ƙasar da ake kira Aborijin. Ya shiga soja a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bataliya ta 2/7. Ya je Libiya, ya je Girka, ya yi yaƙi a tsibirin Kirit lokacin da Jamusawa suka sauko da laima a watan Mayun 1941. Da aka kwashe sojoji aka bar bataliyarsu a baya, ya ɓuya wata 11 a tsibirin, ƙauyawa na ciyar da shi. Ya fito, ya tafi Niyu Gini ya yaƙi Japan, a 1944 ya zama hafsa, na farko a cikin Aborijin. Daga baya ya je yaƙin Koriya har ya kai kyaftin. Amma da aka zo rabon gonaki ga tsofaffin sojoji a Lake Condah, ƙasar kakanninsa, sojojin Aborijin ba su samu ba. Wannan jarumi ƙasarsa ta ci amanarsa. Abin da nake so mu tattauna ke nan.

Bazazzage: Wa alaikumus salam. Dakata, Malam. Da bakinka ka ce ya ɓuya wata 11. Jarumi ne yake ɓuya? Mu a wajenmu wanda ya ɓuya sunansa daban.

Ɗan Gwale: Haba ɗan'uwa, duk abin da na rubuta wannan kaɗai ka gani?

Bazazzage: Shi ne ya fi girma a ciki ai.

Tsohon Kofur: Yaro, ka taɓa jin ƙarar harsashi ta wuce kunnenka? A soja in abokan gaba suka zagaye ka, abu biyu ne: ka ɗaga hannu, ko ka sulale ka koma wa mutanenka. Na biyun shi ake koya mana. Mafi yawan bataliyarsa fursunonin yaƙi suka zama. Shi ya ƙi miƙa wuya. Wannan ba ɓuya ba ce, kuɓuta ce.

Bazazzage: Allah ya ba ka haƙuri, Baba, amma kuɓuta dare ɗaya ake yi. Wata 11 kuma zama ne.

Malamin Tarihi: Tsibiri ne fa, teku ta ko'ina. Ina zai bi, da ƙafa? Sai a watan Mayun 1942 aka samu jirgin ruwa ya fitar da su. Kuma kafin nan, ranar 27 ga Mayun 1941, bataliyarsa da sojojin Maori na Niyu Zilan sun auka wa Jamusawa da banati a wurin da ake kira 42nd Street, suka kora su baya. Yana cikinsu. Mai tsoro ba ya ruga wa bindiga da banati.

Maman Ilham: Ni fa ƙauyawan nan ne jarumai a wajena. Jamusawa suna harbe mutanen ƙauye a kan irin wannan, amma suka ɓoye baƙo da ko fatarsu ba ɗaya ba, suka ba shi abinci. Su wa ya ba su lambar yabo?

Na Kurna: Hajiya ki bari. Aborijin ɗin nan sai 1967 aka cire su daga lissafin dabbobi da tsirrai. Na gani a wani bidiyo.

Malamin Tarihi: Wannan ƙanzon kurege ne, ba a taɓa yin dokar da ta sa su cikin dabbobi ba. Ƙuri'ar raba gardamar 1967 a kan sa su cikin ƙidayar jama'a ce, da ba gwamnatin tarayya ikon yi musu doka. Sama da kashi 90 cikin 100 suka amince.

Na Kurna: To kai ka fi bidiyon sani ke nan?

Tsohon Kofur: Ku bar zancen bidiyo. Mahaifina ɗan Boma ne, runduna ta 81, ya yi kwarin Kaladan. Kaya a ka suke ɗauka cikin daji da ruwan sama, tsutsa mai shan jini na maƙale musu a ƙafa, sai da wutar taba ake cire ta. Ya dawo da lambobi a gwangwani, gadi ya yi har ya rasu. Duk inda baƙi ya yi wa Ingila yaƙi labarin ɗaya ne.

Bazazzage: Allah ya jiƙan mazan jiya. Amma ka ga su ba su ɓuya ba. Kuma yawancinsu Zagezagi ne, Kanawa suna Kurmi suna awon goro.

Na Kurna: Kai, mai da wuƙarka! Wa ya faɗa maka? Kawo lissafi.

Bazazzage: Je ka Depot a Zariya ka tambaya.

Na Kurna: Don bariki na garinku sai ya zama ku ne sojojin? Ashe duk wanda ke maƙwabtaka da asibiti likita ne.

Ɗan Gwale: Jama'a, maganar gonaki fa? Ƙanen Saunders, Harry, ma an kashe shi a wani wuri mai suna Gona a Niyu Gini, a 1942. Gida ɗaya, ɗa ɗaya a kabari, ɗayan ya jagoranci kamfanin soja guda a yaƙin Kapyong na Koriya a 1951, sojojin da ke ƙarƙashinsa Turawa ne suna sara masa. Ya bar soja a 1954 ya koma ƙananan ayyuka. Ba wanda zai ce komai a kan wannan?

Maman Ilham: Yaya Gwale ka yi haƙuri, su yanzu goro ne a gabansu.

Admin: To ya isa haka, dare ya yi. Ga abin da aka cimma: an yarda mutumin ya ɓuya, ko mai kawo zancen bai musa ba. Batun jarumta ba a samu hujja gamsasshiya ba, duk da Malamin Tarihi ya yi ƙoƙari da ranaku. An kuma tabbatar Zariya ce gidan soja, wanda bai gamsu ba ga hanya nan. Na Kurna, gargaɗi na farko a kan zancen asibiti. Ɗan Gwale, maganar gonakinka ka buɗe mata wani zaren gobe. Na rufe.

Na Kurna: Admin ɗan Tudun Wada ne fa, jama'a ku shaida.