Sensar zafi ta infirared tana nuna 55 a kan alminiyom mai zafin 150: emisibiti ne ko saurin amsawa?

MaiFenti_Sharaɗa:
Assalamu alaikum. Akwai sensa ta infirared, wadda ke auna zafi daga nesa, mai karɓar haske a zangon maikiron 8 zuwa 14, a bakin tanderun busar da kaya kafin fenti. Tazararta da bel ɗin da ke ɗaukar kayan santimita 60, D:S ɗinta (tazara a kan faɗin wurin da take aunawa) 15:1. Tamokoful nau'in K, wato ma'aunin zafi da ake mannawa a jikin abu, yana nuna digiri 150 a jikin kayan. Idan bel a tsaye yake, sensar tana ba da 137 a kan baƙin ƙarfe, amma 55 kawai a kan alminiyom. Da bel ya fara tafiya sai lambar ta dinga tsalle tsakanin 40 da 90. Emisibiti (lambar da ke nuna yadda jikin abu ke fitar da hasken zafinsa) yana kan 0.95, AVG (tsawon lokacin da take ɗaukar matsakaicin karatu) daƙiƙa 2, littafinta ya ce tana amsawa cikin milisakan 150. Faɗin kowane yanki santimita 10, tsakaninsu 30, bel yana cin santimita 10 a daƙiƙa. Wanne zan fara taɓawa?

Injiniyan_Awo:
Wa alaikumus salam, Malam. Matsala biyu ce, kada ka gwama su. Fara da emisibiti, bel a tsaye.

0.95 ɗin nan da shi sensar ke zuwa daga kamfani, kuma ya dace da fenti, roba, katako da takarda. Ƙarfen da ya yi baƙi yana wajen 0.8, shi ya sa ya rage maka kaɗan. Alminiyom mai sheƙi kuwa bai wuce 0.05 zuwa 0.1 ba. Yawancin abin da sensar ke gani a jikinsa zafin ɗakin ne yake dawowa kamar a madubi, nasa na kansa ƙalilan ne. Duk lokacin da ka saita lambar sama da gaskiyarta, karatun zai zo ƙasa.

Ka manna tamokoful a jikin yankin, ka bari ya tsaya cak, sannan ka riƙa rage emisibiti har lambobin biyu su haɗu. Ka yi wannan a zafin aiki, 150 ɗin, ba a sanyi ba. Ka rubuta lambar ƙarfe daban, ta alminiyom daban. Saiti ɗaya ba zai ɗauki duka biyun ba.

Ɗan_Waya:
Ko a liƙa baƙin salatif na masu wayarin, a bar 0.95, a auna kan salatif ɗin. Sai a matsa gefe kan tsirarar ƙarfen a gyara lambar har ta yi daidai.

Injiniyan_Awo:
Dabarar tana aiki, ɗan'uwa, amma ba a 150 ba. Salatif ɗin yakan fara sakin danƙo tun wajen 100. A nan baƙin fenti marar sheƙi mai jure wuta ya fi, irin na salansa. A fesa ɗigon da ya fi santimita 4 faɗi, wato faɗin wurin da sensar ke kallo.

Hajiyar_PLC:
Malam MaiFenti, tsallen lambar lissafi ne kawai. Santimita 60 a raba da 15, idon sensar yana kallon da'ira mai faɗin santimita 4. Yankinka 10 ne, don haka tafiyar santimita 6 kaɗai da'irar ke cike da kayan, wato daƙiƙa 0.6. Sensar kanta ta isa, milisakan 150 ya shiga ciki sau huɗu. AVG ɗin daƙiƙa 2 ne ke cutarka: yana cakuɗa zafin kayan da sanyin filin da ke tsakaninsu, lambar ba ta kai ƙololuwa ba yankin ya wuce.

Ka sauke AVG zuwa 0.1 ko ka kashe shi, ka kunna PEAK HOLD, saitin da ke riƙe karatu mafi girma na ɗan lokaci. Filin santimita 30 daƙiƙa 3 ne, to sa riƙon a kan 4. Kada ka zarce haka da yawa, don yankin da bai gasu ba zai iya wucewa a ɓoye bayan lambar na gabansa. Ka kuma duba inda siginar sensar ta 4-20 mA ke shiga PLC, kwamfutar da ke sarrafa layin, galibi akwai wata matatar a can da ke ƙara jinkiri ba tare da an lura ba. Sannan kada idon sensar ya hango cikin tanderu ta tsakanin kayan, domin shi PEAK HOLD zai cafke.

Maganar alminiyom kuma, ni ban yarda da karatun 8 zuwa 14 a kansa ba ko an saita. A 0.1, kuskuren 0.01 kashi 10 ne cikin 100 na siginar, kuma ɗan karce ko maiƙo ya isa ya kawo shi. Idan awon yana da muhimmanci, a nemi sensa ta maikiron 2.3, akwai masu farawa daga digiri 50. Ta 1.6 ba za ta yi ba, yawancinsu sai sama da 250. In babu kuɗin, a rataya fentaccen yanki mai kauri ɗaya da kayan a cikin layin, a riƙa karanta shi.

MaiFenti_Sharaɗa:
Na gode, Hajiya, na gode Injiniya. Ƙura fa? Da hunturu gilashin yana yin fari fat.

Injiniyan_Awo:
Ita ma ƙasa take jan karatun, a hankali, har a zaci tanderun ne ya yi sanyi a ƙara masa wuta. Sa mata zoben hura iska daga kwamfiresa, busasshiya marar mai, in ba haka ba man ya kama ƙurar ya zama dabe. A fara hure gilashin, sannan a goge da tattausan ƙyalle. Kuma sai an goge ake saita emisibiti, don idan ka saita kan gilashi mai datti, ranar da aka share shi karatun zai haura.