Neman kalmar Hausa: intakula da bututun da yake zubar da ruwanta a jirgin ruwa

Malamin koyar da sana'a, Haɗejiya:
Assalamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina bayanin haɗa bututun ruwa a injin jirgi mai shan gas, kuma ina neman taimakonku a kan kalmomi biyu. Ta farko ita ce abin da makanikai suke kira intakula. Turbo yana matse iskar da inji zai shaƙa, matsin yakan sa zafinta ya wuce digiri 100, ita kuwa iska idan ta yi zafi buɗewa take yi, sai wadda take shiga silinda ta ragu, ƙarfin inji ya faɗi. Aikin intakula shi ne ta sanyaya iskar kafin ta shiga. A mota iskar hanya ce take yin wannan aiki, a jirgi kuwa ruwan kogi ne, wanda famfo mai fiffiken roba yake zuƙowa ta ƙasan jirgin. Kalma ta biyu ita ce ta bututun da ruwan yake fita bayan ya kwashe zafin. Na gwada "na'urar sanyaya iska" da "magudana", amma ban gamsu ba.

Bakanike, Tiga:
Wa'alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, duk wanda ya ji "na'urar sanyaya iska" hankalinsa ɗaki zai tafi. Tunda kowane yaron gareji ya san lagireto, ina ganin "lagireton iska" zai fi saurin shiga kunne, domin ginin nasu iri ɗaya ne, sai dai a nan iska ake sanyayawa, ba ruwa ba.

Dattijo mai jirgi, Guri:
Na yarda da lagireton iska. A kan ta biyun ne nake so a tsaya, domin sunan da aka zaɓa zai iya koya wa yaro inda zai huda jirgi. Magudana da rariya duk a ƙasa suke, ruwa yana bi ta gindin katanga. Wannan bututu kuwa a gefen jirgi ya kamata ya fito, sama da inda ruwa yake kaiwa ko da an yi lodi, kuma a wurin da direba zai waiga ya gan shi yana zuba. Mu da muke aiki a inda ciyawar kachala ta cika kogi, ganye da laka suna toshe matatar famfo a kowane lokaci, kuma yankewar wannan ruwa ita ce alamar farko, tun kafin fiffiken roba ya ƙone saboda juyawa a bushe. Saboda haka nake ba da shawarar "indararo", wanda yake a saman soro, yana watsa ruwa nesa da bango, kowa yana gani.

Malamin koyar da sana'a, Haɗejiya:
Baba, na karɓi indararon inji hannu bibbiyu. Amma akwai jiragen da ake zuba ruwan cikin salansa ya fita tare da hayaƙi. Shin shi ma indararo za a kira shi?

Bakanike, Tiga:
A'a, Malam, a bar wancan a matsayin "mahaɗar salansa", saboda haɗarinsa daban ne. Idan mahaɗar tana kusa da tsayin ruwan kogi ko ƙasa da shi, ruwa yana iya ci gaba da zuƙowa bayan an kashe inji, ya cika salansa, ya koma silinda, kuma fistin ba ya iya matse ruwa, sai ƙarfe ya lanƙwashe. Maganinsa shi ne a ɗaga tiyon da yake kai ruwa mahaɗar sama sosai, a sa bawul mai shigar da iska a ƙololuwarsa. A rubuta wa ɗalibai kuma cewa kada faɗin indararo ya gaza na bututun shiga, a guji lanƙwasa mai tsanani, sannan a ɗaure bakin tiyo da maɗauri biyu na ƙarfen da ba ya tsatsa.