Ina ya kamata DTD da XSLT da hotuna su zauna a kan sabar?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum. Takardun XML ne kusan 200, duk suna kiran DTD ɗaya (fayil mai ƙa'idojin tsarin takardar) da XSLT ɗaya (fayil mai juya XML zuwa shafin HTML), ga CSS da hotuna. Da aka ɗora su kan sabar Apache sai hotuna suka ɓace, wasu shafukan ma fari fat suke fitowa. Yaya ake tsara foldojin?

Mai Lamba:
Wa alaikumus salam. Ɓacewar hotuna daga lissafin adireshi take, domin kowane fayil da inda yake fara ƙirga. xsl:import daga foldar XSLT ɗin yake ƙirgawa, url() na CSS daga foldar CSS. Amma hoton da XSLT ya rubuta cikin HTML, burauza daga adireshin takardar XML take nemansa. Idan ka rubuta ../img/tambari.png, takardar da ke /docs/ za ta same shi, wadda ke /docs/2024/ kuwa ba za ta gan shi ba.

Ka raba su haka: takardu a /docs/, kayan tallafi a /kaya/v1/ da ƙananan foldoji dtd, xsl, css, img. Duk abin da zai fito cikin HTML a fara adireshinsa da /, wato /kaya/v1/img/tambari.png. Tsakanin fayilolin XSLT kuwa bar gajeren adireshi, don foldar ta iya ƙaura gaba ɗaya. Lambar v1 ɗin nan tana da amfani: sa mata Cache-Control (umarnin tsawon lokacin da burauza za ta riƙe kwafin fayil) na max-age=31536000, shekara guda ke nan, kuma kada ka sake taɓa abin da ke ciki. Gyara ya zo, buɗe v2.

Ka kuma duba manya da ƙananan haruffa. Windows ba ta bambanta Tambari.PNG da tambari.png, Linux tana bambantawa.

Hajara_dev:
Farin shafin, malam, abu uku zan fara dubawa. Na farko nau'in fayil da sabar ke bayyanawa. Gwada curl -I a kan fayil ɗin XSLT. In ka ga text/plain, Firefox ba za ta yi aiki da shi ba. A Apache ƙara AddType application/xml .xml .xsl da AddType application/xml-dtd .dtd. A layin xml-stylesheet kuma type="text/xsl" ne burauzoji suka fi ganewa.

Sai gida ɗaya: XSLT dole ya fito daga yanki (domain) ɗaya da takardar. Ajiye shi a wani ƙaramin yanki daban, ko takarda a https shi kuma a http, duk toshe shi za a yi.

Na ukun shi ne ya fi wahalar da mutane. Burauzoji ba sa ɗauko DTD na waje. Idan a can aka ayyana   ko wata gajeriyar alama, shafin zai tsaya da kuskure. Maimakon   rubuta   kai tsaye.

Ɗan Gwale:
Na gode. To DTD ɗin ba shi da amfani a sabar ke nan?

Malam Buba:
Yana da amfani wajen tantance takardu, amma kada kowane aiki ya je intanet nemansa. A 2008 W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta koka cewa buƙatun DTD da makamantansu suna kai mata har miliyan 130 a rana, daga manhajojin da ke ɗauko fayil ɗaya sau babu adadi. Maganin shi ne XML Catalog: fayil da ke haɗa adireshin DTD da kwafinsa na cikin kwamfuta. A Linux yana /etc/xml/catalog, ko ka nuna naka da XML_CATALOG_FILES. Layin rewriteSystem ɗaya ya isa ya karkatar da dukan /kaya/v1/dtd/. Sannan gwada da manhajar tantancewa xmllint --nonet --valid --noout; in ya wuce babu intanet, catalog ɗin ya yi daidai.

Ni dai shawarata, kada ka bar wa burauza aikin juya XML zuwa HTML. A 2025 Google ta sanar za ta cire XSLT daga Chrome. Juya takardun da manhajar xsltproc kafin ɗorawa, a miƙa wa mai karatu HTML tsantsa, CSS da hotuna kaɗai su rage a /kaya/. Sai dai ka sani xsltproc XSLT 1.0 kawai yake ji. In XSLT ɗinka 2.0 ne ko 3.0, manhajar Saxon za ka nema.